Kek Ya Lotsa, Masa Ta Ƙi Tashi: Anya Ina da Hannun Girki?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Zariya, yarana uku, ƙaramin ina goyonsa. Tuwo da miya da shinkafa ba sa ba ni wahala, amma duk abin da ya shafi kwaɓi sai ya kunyata ni. Kek ɗin da na yi wa babbar 'yata ranar da ta kai izu biyar a Islamiyya, a tukunya da yashi na gasa shi. Ya tashi da kyau, ina saukewa ya lotsa a tsakiya, ƙasan ya ƙone, cikin kuma ɗanye. Masar da na yi ranar Sallah ta ƙi tashi, ga dangin maigida cike da gida. Cincin kuwa ya sha mai. Wallahi yadda ake yi a bidiyo haka nake bi. Facalata ta ce wasu matan haka Allah ya yi su, ba su da hannu. Maigida bai ce komai ba, amma yanzu da kek na shago yake shigowa. Ga tsadar ƙwai da fulawa. In haƙura ne?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki haƙura. Abubuwa ukun nan da kika lissafa kowanne da sanadinsa, kuma daga yadda kika kwatanta su na gane mafi yawa ba sai na shiga kicin ɗinki ba. Na daɗe ina koyar da mata gashi da soye-soye, kuma zan gaya miki da gaske, macen da ke tuƙa tuwo babu gudaji, ta kaɗa kuka ba ta dunƙule ba, ta riga ta iya abin da ya fi kek wuya. Tuwo kin yi shi ba adadi, a tukunya ɗaya, a wuta ɗaya, kina gani kina gyarawa. Ya yi ruwa ki ƙara gari, ya yi tauri ki yayyafa ruwa ki bar shi ya turara. Kek ba ya ba ki wannan damar. Da zarar kin rufe murfi, abin da kika zuba shi za ki kwashe. Ga shi ba ki yin sa sai sau biyu ko uku a shekara, kuma kullum a ranar da gida ya fi cika, hankalinki ya fi rabuwa. Wannan na ƙarshen shi ne babban abin da nake so mu tsaya a kansa, amma bari mu fara da tukunyar.

Kek ɗin da ya tashi da kyau, ƙasansa ya ƙone, cikinsa bai nuna ba, sannan ya lotsa bayan an sauke, wuta ce ta yi masa yawa daga ƙasa. Kin ji ƙauri, kin leƙa kin ga sama ya yi ja, kin sauke, alhali tsakiyar ba ta kama jikinta ba. Abin da ke ɗaga kek iska ce, ƙananan kumfa da kika shigar lokacin bugu da waɗanda bekin fauda ta haifar. Zafi yana kumbura su, ƙwai da fulawa kuma su ne ke dafuwa su riƙe su a inda suka kai. Gefe ne ke fara dafuwa, tsakiya ce ta ƙarshe. Idan aka sauke ko aka buɗe murfi kafin tsakiyar ta dafu, zafi ya ragu, kumfar ta sace, babu abin da zai riƙe ta, sai ki ga rami.

Kek yana son zafi matsakaici, digiri 170 zuwa 180 a ma'aunin Salshiyas, kuma yana son zafin ya kewaye shi ta ko'ina. Obin haka yake yi. Tukunya kuwa daga gindi kawai take samun wuta, don haka sai kin taimaka mata. Ki nemi tukunya mai faɗi da kauri, ki zuba busasshen yashi mai tsabta, zurfin yatsu biyu zuwa uku a kwance. Kada ki ɗora gwangwanin kek kai tsaye a kan yashin, nan ne mata da yawa ke ƙona nasu. Ki kifa wasu ƙananan gwangwanaye marasa komai ko ki jera duwatsu uku, kek ɗin ya zauna a kansu, iska mai zafi ta riƙa ratsawa ta ƙarƙashinsa. Ki rufe tukunyar ki bar ta ta yi zafi na minti goma zuwa sha biyar tun kafin ki gama kwaɓi. Don ki san ko zafin ya yi, ki barbaɗa 'yar fulawa a murfin gwangwani ki sa a ciki ki rufe. Idan ta yi ja-ja a cikin kamar minti biyar, zafin ya yi daidai. Idan ta yi baƙi a minti ɗaya ko biyu, ki rage wuta ki jira. A gas ko risho, wuta ƙasa-ƙasa. A gawayi, sai garwashi ya yi fari da toka, harshen wuta ya kwanta, sannan ki ɗebi kaɗan ki jera a kan murfin tukunyar domin sama ma ya samu. Ki tuna gawayi yana farawa da ƙarfi ya riƙa raguwa, saboda haka ki ajiye wani garwashin a gefe.

Kada ki cika gwangwani ya wuce rabi ko kashi biyu cikin uku. Kuma shawarata, a yanzu ki bar babban kek mai zurfi. Ki raba ƙullun a ƙananan gwangwanaye, su nuna cikin minti 20 zuwa 25. Ƙarami ba ya ba wuta lokacin da za ta ƙona ƙasansa kafin ta isa cikinsa. Babba kuwa yana iya cin minti 45 zuwa awa ɗaya, kuma ba a buɗe shi sai ya ci kashi uku cikin huɗu na lokacinsa. In kin buɗe, ki soka tsinke a tsakiya cak, ba a gefe ba. Ya fito da jiƙaƙƙen ƙullu, ki mayar da murfi.

Sai awo. Kin ce yadda ake yi a bidiyo haka kike bi, kuma na yarda. Amma idan mai bidiyo ta ce kofi ɗaya, tana nufin kofin awo mai cin mililita 240. Gwangwanin madara da muke auna komai da shi bai wuce kashi biyu cikin uku na wannan ba, kofin shayi kuwa kowane gida da girman nasa. Ko da kofin awon ne ma, fulawar da aka tankaɗe aka zuba da cokali tana kai giram 120 zuwa 125, wadda aka dumbuza daga buhu aka danna tana iya wuce 150. A kofi biyu kin ƙara kusan rabin kofi ba ki sani ba. Mu da muka san mudun wannan gari ba ɗaya yake da kwanon wancan ba, bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba. Ƙaramin sikelin kicin shi ne maganin wannan, kuma kuɗinsa ba zai wuce na kayan kek biyu ko uku da suka lalace ba.

Da sikeli a hannu, ga awon da ba ya ruɗarwa, domin komai nauyinsa ɗaya: bota giram 250, wato leda ɗaya ta irin wadda ake gashi da ita, sukari giram 250, ƙwai biyar, fulawa giram 250, bekin fauda cokalin shayi biyu a shafe, ba da tozo ba. In kina so ki rage sukari zuwa 200 babu laifi. Abin da ba na so ki ƙara shi ne faudar. Na sha ganin mace ta ninka ta saboda na baya bai tashi ba. Fauda mai yawa tana ɗaga kek da sauri fiye da yadda ƙwai da fulawa za su iya riƙewa, ya yi tozo mai ban sha'awa, sannan ya rufta, ga ɗaci a baki. In kuma kina shakkar faudar taki, musamman wadda ake ƙullawa a leda ko wadda ta ga damina a buɗe, ki zuba rabin cokali a ruwan zafi. Ta taso da kumfa nan take, tana da rai. Ta kwanta shiru, ki zubar. Ki lura kuma, bekin soda daban ce. Ita ba ta aiki sai ta haɗu da abu mai tsami, irin su nono ko lemon tsami, kuma ta fi fauda ƙarfi nesa ba kusa ba. Ba a musanya su cokali da cokali.

Bota ma yanayin gari yana wasa da ita. A watan Afrilu tana narkewa tun a leda, narkakkiyar bota kuwa ba ta riƙe iska komai bugun da kika yi mata. A hunturu ta daskare ta ƙi buguwa. Abin da ake so ki danna da yatsa ya shiga, amma ba ta malale ba. Ki buga ta da sukari har launin ya yi haske, ta yi sakayau. Ƙwai ɗaya bayan ɗaya, kowanne ki fara fasa shi a wani kofi daban, don a zafin nan bara-gurbi ɗaya ya isa ya kashe miki kwano guda. Idan aka zo kan fulawa, sai bugu ya ƙare. Ki juya a hankali da cokalin katako har farin garin ya ɓace, ki tsaya. Fulawa idan ta haɗu da ruwa aka yi ta juya ta, danƙo take yi. Wannan danƙon shi ake nema a burodi da fanke da alkubus, shi ya sa ake bugunsu sosai. A kek kuwa shi ne ke sa ya yi nauyi da tauri.

In wata mai karatu a Jos take, ta ɗan rage faudar fiye da abin da na faɗa. Garin yana kan tudu, sama da mita 1,200, kuma a irin wannan tsayin kwaɓi ya fi saurin kumbura, ya fi saurin faɗawa.

Yanzu masa. Ba ki gaya mini wace Sallah ba ce, amma a 'yan shekarun nan Ƙaramar Sallah a cikin Maris da Afrilu take faɗowa, Babba kuma wajen Mayu da Yuni, duk lokacin zafi. Saboda haka zatona ya fi ƙarfi cewa masarki ba ƙin tashi ta yi ba, tashi ta yi ta faɗa kina barci. Iyayenmu suna kwaɓawa da dare su soya da safe, domin da tsamin kansa ko da ragowar tsohon ƙullu yake tashi, a hankali. Yis na leda ya fi wannan sauri ƙwarai. A daren bazara, ƙullun da aka zuba wa yis bayan isha'i yana iya cika roba cikin awa biyu ko uku. Kafin asuba yis ya cinye sukarin da ke ciki, kumfar ta fashe, ƙullu ya koma ƙasa ya tsinke ya yi tsami. Alamarsa, za ki ga shaidar ƙullu a jikin robar sama da inda yake zaune, ga warin tsami mai hawa kai. In haka kika gani ranar, to wannan ne. A lokacin zafi, ki markaɗa da dare ki ajiye a wuri mai sanyi, ki zuba yis da asuba, ko ki zuba ɗan kaɗan sosai idan dole sai ya kwana. A hunturu kuwa akasin haka ne. Ƙullu zai iya wuni bai motsa ba sai kin rufe shi kin sa a rana, ko kin zaunar da robar a cikin ruwan ɗumi.

In kuma babu wata shaida a jikin robar, ƙullun yana nan yadda kika bar shi, to yis ne ya mutu. Halitta ce mai rai, ɗumi take so, zafin da ya kai digiri 60 yana kashe ta. Ƙullun da ya dawo daga inji da zafinsa yake dawowa. Idan kika haɗa shi da dafaffiyar shinkafa mai turiri, kika zuba yis a kai saboda sauri, kin gama da shi. Ki bari ya huce har ki sa yatsa ki ji ɗumi kawai. Ledar yis da aka buɗe tun azumin bara aka ajiye kusa da murhu ma ba abin dogaro ba ce. Kafin ki zuba, ki jiƙa cokali ɗaya a ruwan ɗumi da ɗan sukari. Minti goma ya isa ki ga kumfa ta taru a sama.

Akwai abu biyu da bidiyo ba ya faɗa. Na farko shinkafar. Ta tuwo ake so, fara ɗanya wadda ba a turara ba. Wadda aka turara kafin a casa, irin ta dafa-duka, ba ta ba da masa mai laushi da ramuka. Na biyu mai inji. Jajiberin Sallah layi ya yi tsawo, yana sauri, ruwa yake kwararawa don markaɗe ya wuce, kuma yaron da kika aika ba zai iya ce masa ya isa ba. Ƙullun da ya tsinke ba ya riƙe iska. Ki haɗa yaron da ruwan da kika auna a jarka, ki ce da shi kaɗai za a markaɗa, a kuma wanke injin in an yi tattasai ko wake kafin naki. Kaurin da ake so kamar na koko mai kauri ne, ya zubo daga ludayi a haɗe. Dab da suya ki ɗanɗana. In tsami ya yi yawa, ki tsiyaye ruwan kanwar da kika jiƙa ki zuba kaɗan-kaɗan kina juyawa, ko ki sa ɗan bekin fauda. Kanwa tana kashe tsami, kuma haɗuwarsu tana haifar da sabuwar kumfa, shi ya sa za ki ga ƙullun ya sake motsi. Ta yi yawa, masa ta koma ɗorawa tana warin sabulu. Tanda kuma ta yi zafi kafin ki zuba, wuta matsakaiciya, ba a juyawa sai gefe ya bushe ramuka sun fito a sama.

Cincin ba shi da dogon zance. Mai bai yi zafi ba kika zuba, ko kin cika kasko don ki gama da wuri. Duk zubi ɗaya yana sauke zafin mai, kuma kwaɓin da ya zauna a mai mai sanyi shan sa yake yi. Ki jefa ƙwaya ɗaya tukuna. Ta nutse ta taso nan da nan da ƙananan kumfa kewaye da ita, mai ya yi. Ki riƙa zubawa daidai yadda za su iya yawo, ki bar man ya sake ɗaukar zafi tsakanin zubi da zubi. Kwaɓin ya yi tauri, bota kada ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin fulawa, fauda ɗan kaɗan. In suka yi yawa sai ya yi ta farfashewa yana zuƙar mai.

To, mu dawo kan abin da na ce shi ne babba. Duk abin da na lissafa, mace mai zaman kanta a kicin ita kaɗai za ta iya kiyaye shi cikin sauƙi. Ke kuwa da goyo a baya, ɗaya yana jan zani, ɗaya tana neman takalmin makaranta, ga sallama a ƙofa. Ban taɓa ganin bidiyon girki da aka nuna wannan ba. An yanke jira, an yanke kuka, obin yana riƙe zafinsa da kansa, wanda ya lalace kuma ba a nuna shi. Kina bin awonsu, amma ba ki da irin lokacinsu, kuma ba laifinki ba ne.

Abin da zai cece ki shi ne ki san wane aiki ne ke jira, wane ne ba ya jira. Miya tana jira, ki kashe wuta ki je ki dawo. Jiƙon shinkafa yana jira. Kwaɓin cincin yana jira, har ma ya fi daɗin murzawa in ya huta a rufe. Fulawar da aka auna aka tankaɗe da fauda a ciki, gwangwanin da aka shafa wa bota, yashin da aka zuba a tukunya, duk za su iya kwana. Amma ƙullun kek daga lokacin da fulawa ta shiga, faudar ta fara aiki, iskar da kika buga ta fara fita, ba ya son ya zauna jiran tukunyar da ba a ko ɗora ba. Ƙullun ƙosai da aka buga ba ya jira. Mai a kan wuta ba ya jira ko na minti ɗaya. In kika duba da kyau, sashen da ba ya jira a kek bai wuce kwata awa na haɗi ba, sai zaman kusa da wuta. Saboda haka ki kwashe duk mai jira ki yi shi da dare bayan yara sun kwanta. Ki bar wannan ɗan guntun zuwa lokacin da kika san gidanki yana lafawa, ko hantsi bayan manya sun tafi makaranta ƙarami ya yi barci, ko bayan la'asar suna Islamiyya. In jaririn ya farka kafin ki zuba fulawa, ki rufe kwanon ki je gare shi, babu abin da zai lalace. Shi ya sa nake cewa a san inda gaɓar take.

Ga mai goyo ma akwai kek ɗin da ya fi na bota haƙuri, kuma shi nake fara koya wa irinki. Ba ya buƙatar dogon bugu. Fulawa kofin awo biyu, bekin fauda cokalin shayi biyu, bekin soda rubu'in cokali, ki haɗa su a kwano ɗaya. A wani kwanon ki kaɗa ƙwai uku da sukari kofi ɗaya, man gyaɗa marar ƙarfin ƙamshi rabin kofi, kindirmo kofi ɗaya. Kwanukan biyu kowanne zai iya jiranki. In tukunya ta yi zafi ki juye wannan cikin wancan, ki juya har gari ya ɓace, ki zuba a gwangwani. Yana fita da laushi, kuma ba ya saurin bushewa.

Sai abin da nake roƙonki da Allah a kansa. Kada ki soya komai da yaro a bayanki. Kina sunkuyawa ƙafarsa ko hannunsa ke kaiwa inda ba ki gani. Kasko a ƙasa a kan murhun gawayi, ga mai rarrafe ko mai koyon tafiya a tsakar gida, wannan ya fi kowane lalataccen cincin tayar mini da hankali. In babu mai riƙe miki shi, suyar ta jira gobe. Allah ya kiyaye, in ƙuna ta faru, a yi ta kwarara ruwa mai sanyi a wurin na kamar minti 20 a nufi asibiti. Ba a shafa ƙwai ko man goge baki ko manja. In mai ya kama da wuta, a kashe murhu a rufe kaskon da murfi, kada a kuskura a watsa ruwa. Gashi da gawayi kuma a fili ake yi. A ɗaki rufe, musamman a hunturu, gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, kuma tana kisa.

Game da maigida, shirunsa da sayen da yake yi, kada ki yanke wa kanki hukunci da su. Yana yiwuwa a ganinsa hutar da ke yake yi. Maza da yawa ba su san cewa kek ɗin da ya lotsa yana iya hana mace barci ba, sai an gaya musu. Ki same shi cikin natsuwa ki faɗa masa kina so ki iya, kuma ga abin da kike buƙata: sikeli, da rabin awa ranar da yake gida ya riƙe miki yaro. Wannan ba abin kunya ba ne a roƙa. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana taya iyalinsa aikin gida, kuma bai taɓa kushe abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. Mazan da ke karanta wannan, da ku ma nake. Kek na shago kuma kada ki sa shi ma'auni. Manyan obin suke amfani da su da na'urar bugu, da sinadaran da ke ƙara laushi da daɗewa. Na gida ya fi shi nauyi kaɗan, haka yake, ba aibi ba ne.

Maganar facalarki ta yi miki ciwo, na sani, kuma ba ta dace ba. Amma in masarta tana kyau, ki danne zuciya ki ce, "Yaya, ranar da za ki kwaɓa ki kira ni." Ki tsaya kusa, ki ɗaga ludayin da hannunki ki ji kaurin, ki shinshina ƙullun lokacin da ta ce ya yi. In hakan zai yi miki nauyi, mai masar bakin layinku kullum da asuba tana wurin, kuma yawancinsu ba sa rowar nuni ga wadda ta gaishe su da ladabi. Kauri da ƙamshi da launi abubuwa ne da waya ba ta iya miƙo miki.

Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kayan masarufi suka yi sama, zubar da kek guda ba ƙaramin abu ba ne, don haka ki san yawancinsu suna cetuwa. Wanda ya lotsa, ki yanke tsakiyar ki cire, gefen ki yayyanka ƙanana, lafiya lau yake. Ƙasan da ya ƙone ki bari ya huce ki kankare shi da magogi. Wanda ya yi nauyi ki yanka shi sirara ki mayar tukunyar yashi a wuta kaɗan ya bushe ƙaras, yara su sha shayi da shi. Ƙullun masar da ya faɗa, ki gyara tsaminsa, ki sa ɗan fauda da sukari, ki ɗan sassauta shi ki yi sinasir, tunda shi ba ya buƙatar tozo. Cincin da ya sha mai ki baza shi a takarda mai tsabta ta tsotse, sannan ki ɗan gasa shi.

Abin da za ki yi yanzu, kada ki jira wani biki. Ki zaɓi ranar da babu baƙo, babu wanda ya san kina yi. Ki gwada na ƙwai biyu: bota, sukari da fulawa giram 100 kowanne, fauda cokalin shayi ɗaya da bai cika ba, a ƙananan gwangwanaye. Ki samu littafi ki rubuta awon, da irin wutar, da mintin da ya ɗauka, da yanayin garin ranar. In za ki sake, abu ɗaya kawai za ki canza, don in kika canza uku ba za ki san wanne ya gyara ba. Masa ma haka, gwangwani biyu na shinkafa ya isa gwaji. In ya sake lotsawa ki rubuto mini faɗin gwangwanin da zurfinsa, ko gas ne ko gawayi, a minti na nawa kika fara buɗe murfi, da yadda tsinken ya fito.